Yadda lita tara ta ɓata tsakanin Tafoki da Kaduna

A wannan mako zan jingine maganar kasafin kuɗin ilimi da muka faro, in shiga ɗakin girki, saboda wata rigima da aka ɗora mini alƙalancinta ana saura 'yan kwanaki ƙaramar Sallah. Rigima ce a kan man gyaɗa, ta kuma kusa ɓata zumuncin gidaje huɗu, alhali babu ɓarawo ko ɗaya a cikin maganar.

Ina da gwaggo a Tafoki, cikin Ƙaramar Hukumar Faskari, wadda ta haura shekara talatin tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Da wannan sana'a ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, da ita kuma ta sha cusa mini 'yan kuɗi a aljihu duk lokacin da zan koma makarantar kwana. Wata baiwar Allah a Kaduna, mai yin cincin da dubulan da kek na biki, ta ci abincin da aka yi da man Gwaggo a gidan wata 'yar'uwarmu, ƙamshin ya burge ta, ta karɓi lamba, ta buga waya ta ce a haɗa mata kilo ɗari. Gwaggo ba ta taɓa sayar da mai da kilo ba. Kwalba ta sani, da galan, da jarka. Sai ta kira jikanta, ɗan aji biyar a sakandare, ta tambaye shi kilo nawa ke cikin jarka. Yaro ya amsa nan take, ya ce ai an koya musu lita ɗaya kilo ɗaya ce, jarka kuwa lita 25 take ci, saboda haka jarka huɗu kilo ɗari ke nan cif. Gwaggo ta yanke farashi bisa kuɗin lita, mai saye ta amince, ta turo kuɗi. Da yake man da ke hannunta bai kai ba, ta tattaro na maƙwabtanta uku aka cike, aka ɗaure bakin jarkoki da leda, aka ɗora a mota zuwa Funtuwa, daga can aka wuce da su Kaduna.

Mai saye ta koyi sana'arta ne a wurin da ba a zuba komai sai an ɗora shi a sikeli. Kaya na isowa ta auna, ta cire nauyin jarkokin, sai ga kilo 91 da 'yan kai. Ta sake aunawa, haka ya ba ta. Ta ɗaga waya cikin fushi ta ce an tauye mata kilo takwas da ɗoriya, ita kuwa ba ta zaci haka daga dattijuwa ba, kuma cikin azumi. Daga nan zato ya shiga yawo. Aka fara da direba, aka ce ya tsiyaye a hanya. Aka koma kan maƙwabciyar da jarkarta ta zo a ƙarshe. Wani ma ya ambaci jikan da ya kai kaya tasha. Kwana biyu Gwaggo ba ta iya cin abin kirki a buɗa-baki ba. A na uku ta sa aka kira ni, ta ce: “Kai da ka yi bokon nan har ƙarshensa, zo ka gaya mini inda mai ya tafi. Jarka a ɗaure, babu yoyo, da idona na ga an cika kowace har wuya.”

Na ce mata: “Gwaggo, kwantar da hankalinki, mai bai je ko'ina ba. Tun daga Tafoki bai kai kilo ɗari ba, kuma ba laifin kowa ba ne.”

Abin da aka koya wa yaron gaskiya ne, sai dai gaskiyar ruwa ce. Lokacin da Faransawa suka kafa tsarin awo na mita bayan juyin juya halinsu, a dokar da suka yi a 1795, da ruwa suka ƙulla alaƙa tsakanin nauyi da mazubi, ta yadda lita ɗaya ta ruwa za ta yi daidai da kilo ɗaya. An yi haka ne da gangan domin sauƙin lissafi, kuma ko da yake tun 2019 masana sun sake ma'anar kilo suka ɗora ta a kan wata lamba ta kimiyyar fiziya, har gobe litar ruwa tana nan dab da kilo ɗaya. Amma wannan daidaito bai shafi sauran abubuwa masu gudana ba. Litar man gyaɗa tana auna giram 910 zuwa 920 ne a yanayin ɗaki. Man waken suya, man auduga, man riɗi, da farin man kwakwar manja da ake shigowa da shi cikin jarkoki masu ruwan ɗorawa, wanda a kasuwa duk ake kira man gyaɗa ko da bai taɓa ganin gyaɗa ba, dukkansu a wannan unguwa suke zaune, bambancin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba.

Babu macen da ba ta san wannan da idonta ba. Kowace rana tana ganin mai yana tasowa saman miya, tana ganinsa yana kwanciya a kan romo idan ya huce. Ita kanta sana'ar Gwaggo a kan wannan ta ginu: a soya gyaɗa, a murje, a fece, a kai markaɗe, a dawo a zuba a turmi ana juyawa ana yayyafa ruwan zafi, har tunkuza ta haɗe jikinta mai ya rabu ya yi sama a kwashe. Da mai ya fi ruwa nauyi, da ƙasa zai nufa. Abin da ke ruɗar mutane shi ne kauri. Mai yana zuba a hankali, yana manne wa cokali, sai ƙwaƙwalwa ta yanke hukunci cewa lalle ya fi ruwa nauyi. Nakan jarraba ɗalibaina 'yan shekarar farko da wannan tambaya: litar mai da litar ruwa, wace ce ta fi nauyi? Kowace shekara sai an sami masu yawa da za su rantse mai ne, cikinsu har da waɗanda suka ci jarrabawar kimiyya da sakamako mai kyau. Kauri yana nuna yadda abu ke jan jiki wajen zuba; nauyin lita kuwa wani sha'ani ne dabam.

Ga lissafin da na ba Gwaggo, wanda kuma nake so mai karatu ya riƙe, domin ba ya bukatar na'ura: kilo goma sha ɗaya na mai, lita goma sha biyu ne. Idan an ba ka nauyi kana neman mazubi, ka raba gida goma sha ɗaya ka ƙara kaso ɗaya. Idan an ba ka mazubi kana neman nauyi, ka raba gida goma sha biyu ka cire kaso ɗaya. Da wannan, jarka mai lita 25 tana ɗauke da kilo 23 ba kaɗan, jarka huɗu kuwa kilo 91.7, wato kusan abin da sikelin Kaduna ya nuna. Kilo ɗari na gaske lita 109 ne. Abin da ake nema aka rasa lita tara ce, kwatankwacin kwalba goma sha biyu irin mai cin santilita 75. Idan muka ƙaddara, don misali kawai, cewa lita tana kan Naira 3,000, to kilo ya kamata ya tsaya a kan Naira 3,270 da 'yan kai, kuma ratar da ke tsakanin masu cinikin nan biyu ta kai Naira 27,000. A sana'ar da ribar mako guda ba lalle ta kai haka ba, wannan ba kuɗin da za a ce a yafe ba ne don a zauna lafiya.

A madafa ma wannan lissafi ne ke aiki, sai dai da ƙananan lambobi. 'Yan matanmu yanzu daga waya suke koyon girki, kuma tsarin girkin da ya fito daga Ingila ko Faransa da giram yake magana, na Amurka kuwa da kofi da cokali. Wadda aka ce ta zuba giram 110 na mai, ba ta kuma da sikeli, mililita 120 take bukata, wato babban cokalin awo takwas, tun da kowane yana cin mililita 15. Giram 250 zai ba ta mililita 273, rabin kilo kuwa mililita 545, wanda bai cika kwalba mai santilita 60 ba. Ta ɗaya ɓangaren, kofin awo na Amurka, mai cin kusan mililita 240, giram 220 ne na mai. Babban cokali ɗaya giram 14 ne ba kaɗan, kuma wannan ɗan abin yana ɗauke da kalori wajen 120, abin da ya kamata wanda likita ya ce ya rage maiƙo ya sani kafin ya miƙa hannu ga ludayi. Sai dai a lura, cokalin da muke cin shinkafa da shi a gida ba cokalin awo ba ne. Wani ya fi wani zurfi, yawancinsu ba su kai mililita 15 ba. Haka ma kofin shan shayi.

A gaskiya idan miyar kuka ce ko taushe, babu wanda zai mutu don an ƙara ko an rage kashi tara cikin ɗari na mai. Hannun uwar gida ya fi kowane ma'auni sanin bakin iyalinta. Inda abin ke ciwo shi ne wurin kwaɓi na sayarwa, irin kek da cincin da burodi, inda ake ninka awo sau ashirin ko hamsin, inda kuma ake lissafa riba a kan kowane ƙulli. Mai kek da ta karanta giram 500 ta zuba mililita 500 ta rage cokali uku a kowane kwaɓi, sai ta yi ta mamakin abin da ya sa nata ke bushewa da wuri. Akwai kuma wani tarko ga masu maye gurbin bota da man gyaɗa don sauƙin kuɗi: bota ba zallar mai ba ce, kusan kashi 80 cikin ɗari ne mai, saura ruwa da sauran abin da ke cikin madara. Saboda haka giram 100 na bota, giram 80 ne na man gyaɗa ke maye shi, wato mililita 87 ko kusa da haka, a kuma ɗan ƙara madara ko ruwa. Man shanunmu ma haka yake: ɗanye yana da ruwa da nono a jikinsa, soyayye kuwa ya kusa zama mai zalla. Shi da man kaɗe, da manja idan hunturu ya daskarar da shi, ba su da amana a cikin kofi, domin sukan ɓoye iska a tsakaninsu. Ko dai a narkar da su kafin awo, ko a ɗora su a sikeli. Zuma kuwa kishiyar mai ce, litarta tana kai kilo 1.4, don haka wanda ya ɗauki ƙa'idar goma sha ɗaya da goma sha biyu ya kai ta wurin mai zuma zai dawo da asara.

Bayan wannan akwai zafi, wanda Gwaggo ta fi ni sani a aikace ko da ba ta san lambarsa ba. Mai yana kumbura idan ya yi zafi, yana tsukewa idan ya huce, da kimanin kashi bakwai cikin dubu goma a kowane digiri na ma'aunin Salshiyos. Lamba ce ƙarama a ido. Amma man da aka kwaso daga kaskon suyar ƙuli aka ɗura a kwalba yana digiri 80, idan ya sauko zuwa 30 zai ragu da kashi uku da rabi cikin ɗari, kusan babban cokali biyu a kwalba ɗaya. Shi ya sa masu sana'ar da ke tsoron Allah ba sa ɗura mai da zafinsa, ko kuwa su jira ya huce su ƙara cikawa. Tsakanin sanyin asubahin watan Janairu da zafin azahar na Afrilu a wannan yanki namu, jarka guda tana iya yin sama ko ƙasa da abin da ya kusa rabin lita, ba tare da an taɓa murfinta ba. Nauyinta kuwa yana nan yadda yake. Wannan ne dalilin da ya sa manyan 'yan kasuwar duniya ba sa cinikin mai da lita: farashin manja da ake yankewa a kasuwar Malesiya a kan tan ake faɗarsa.

A Indiya wannan magana ta kai ga hukuma. Kamfanonin mai a can sun kasance suna rubuta lita ɗaya a jikin mazubi tare da zafin da aka ɗura man a kai, wasu har digiri 60, wanda ke nufin idan man ya huce a kanti abin da ke ciki bai kai lita ba. A 2022 gwamnatin ƙasar ta umarce su da su daina jingina adadin da zafi, su kuma riƙa bayyana nauyin man tare da litarsa. Ban kawo wannan don in ce Indiya ta fi mu tsoron Allah ba. Na kawo shi ne don mai karatu ya ga cewa giram ashirin da wani abu a kowace lita, idan aka ninka shi da miliyoyin kwalabe, dukiya ce da ta isa gwamnati ta tashi tsaye a kanta.

To, me ya sa mutanenmu suka fi natsuwa da kwalba da kwano a kan sikeli, alhali sikeli ya fi adalci? Ina ganin amsar tana cikin tarihi, kuma ba jahilci ba ne kamar yadda wasu 'yan boko ke saurin cewa. Sikeli ya shigo wa manomin ƙasar Hausa ne a hannun mai saye. Bayan da layin dogo ya isa Kano aka buɗe shi a 1912, cinikin gyaɗa ya bunƙasa har aka kai ga dalar gyaɗa da sunan Alhassan Ɗantata ya shahara da ita, kamfanonin Turawa da wakilansu da tan da fam suke saye. A ƙasar Funtuwa auduga ce ta yi wannan aiki: manomi ya ɗauko kayansa a jaki ya kai fuloti, a rataya a sikeli, malamin awo ya karanta lambar da manomin ba ya iya karantawa, a biya shi abin da aka ce. Ko an cuce shi ko ba a cuce shi ba, ba shi da hanyar tabbatarwa. Kwano kuwa a gabansa ake cika shi, yana ganin tozon da aka yi, yana iya cewa a ƙara. Kwalba a fili take, ana ɗaga ta a rana a ga inda mai ya tsaya. Mutumin da ya zaɓi ma'aunin da idonsa ke iya yi masa shaida bai yi wauta ba.

Harshenmu ma bai raba su ba. Da kalma ɗaya muke cewa an auna hatsi da tiya, an auna nama a sikeli, an auna yadi, an auna gona, har an auna hankalin mutum. Malaman fiƙihu kuwa sun daɗe da rarrabewa tsakanin abin da ake aunawa da mazubi da abin da ake aunawa da nauyi, suka gina hukunce-hukuncen ciniki a kan wannan bambanci. Kowace shekara muna cin karo da shi a zakkar fid-da-kai. Sa'i, wato mudun Annabi huɗu, awon mazubi ne. Da zarar mutanen birni sun fara tambayar kilo nawa ne sa'i, sai ka ji amsoshi sun sha bamban, domin cikin mazubi guda shinkafa da gero da masara ba nauyinsu ɗaya ba. Matsalar jarkar Gwaggo ke nan a wata riga. Alƙur'ani ya keɓe sura guda da sunan masu tauye awo, ya kuma ba da labarin mutanen Annabi Shu'aibu da aka halaka a kan wannan laifi, saboda haka zargin tauye mudu a wurin dattijuwar da ke azumi ba ƙaramar magana ba ce. Abin da ya hana ta cin abinci ke nan, ba Naira 27,000 ba.

Amma kada son kwalba ya rufe mana ido. Kwalba ma ana cuta da ita, kuma duk mai zuwa kasuwa ya sani. Akwai wadda aka tura gindinta ciki, akwai robar ruwa da aka matse ta ta lotsa, akwai galan da ake kira galan alhali wani lita huɗu yake ci wani biyar. Galan na Ingila da muka gada lita 4.5 ne da ɗoriya, na Amurka bai kai lita huɗu ba, mu kuwa kowace roba mai hannu galan muke ce mata. Jarkar da aka rubuta wa lita 25 tana cin fiye da haka idan aka cika ta har baki, wadda ta sha rana ta buɗe ciki ta fi sabuwa ci. Tiyar wani gari ba ta kai ta wani garin ba. A irin wannan hali, wanda ke cin riba shi ne wanda ya san harsuna biyu. Mai yana fitowa daga masana'anta da tan, tan guda kuwa lita 1,090 ne ko sama da haka, wato jarka 43 da rabi da ɗoriya. Ya isa kasuwar Singa a Kano ko manyan shagunan Funtuwa a jarka, ya sauka ƙauye a kwalba, ya ƙare a ƙullin leda na Naira ɗari ko ɗari biyu a hannun matar da ke son yin miyar dare. A kowane mataki ana canza ma'auni, kuma a kowane canji na sama ya san lissafin, na ƙasa bai sani ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne rabon kayan agaji. Shekarun nan rashin tsaro ya raba dubban mutane da gidajensu da gonakinsu a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, da yawansu mata da yara da ke zaune a gidajen 'yan'uwa ko wuraren da aka tsugunar da su. Ƙungiyoyin agaji na duniya sukan tsara rabon abinci ne bisa bukatar kalori 2,100 ga mutum a rana, kuma a takardunsu da giram ake rubuta komai, har da mai. Wanda ke rabo a fili kuwa gwangwani ko kofi ne a hannunsa. A ƙaddara, a matsayin misali, an rubuta giram 30 ga kowane mutum a rana. Gida mai mutum bakwai, a wata guda, kilo 6.3 ke nan, wato lita 6.9 ba kaɗan. Idan mai rabo ya yi irin lissafin jikan Gwaggo ya zuba lita 6.3, ya tauye wa gidan fiye da rabin lita da zuciya ɗaya, kuma a ƙarshen rana zai ga mai ya yi saura a ɗakin ajiya bai san daga ina ya fito ba. Na kirki zai yi mamaki ya kai rahoto, wanda ba na kirki ba kuwa ya sami abin kai wa gida, kuma babu takardar da za ta kama shi. Mai shi ne abinci mafi yawan kuzari a cikin kayan rabo, kalori tara a kowane giram, kuma tun 2002 doka ta wajabta a ƙara wa man da masana'antu ke sarrafawa a Nijeriya sinadarin bitamin A. Rabin litar nan daga cikin yaro ake cire ta.

Muna da dokar awo da ma'auni tun 1974, da sashen da ke kula da ita a ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya. Ni dai inda na fi jin ɗuriyar jami'ansa shi ne gidajen man fetur. Ban ce su bi mata gida-gida suna ƙwace kwalabe ba, wannan zalunci zai zama, kuma wata sabuwar ƙofar karɓar na goro. Abin da nake ganin ya fi sauƙi shi ne a wajabta wa masu ɗura mai a masana'anta su rubuta lita da kilo duka biyu a jikin kowace jarka da galan, da manyan lambobi. A kasuwanni irin na Sheme da Ɗandume da Funtuwa kuma, ƙaramar hukuma ta ajiye sikeli mai kyau da mazubin lita ɗaya na gaskiya a rumfar Sarkin Kasuwa, duk mai shakka ya je ya gwada kyauta. Kuɗin wannan bai kai na tayar motar shugaban ƙaramar hukuma ba. Abokan aikina malaman kimiyya na sakandare kuma ina roƙonsu, ranar da za su koyar da nauyin lita, su shigo aji da kwalbar ruwa da kwalbar mai da ƙaramin sikeli. Yaron da ya ga allura ta tsaya a wuri biyu dabam ba zai sake gaya wa kakarsa cewa jarka huɗu kilo ɗari ba ne.

Yadda aka ƙare rigimar kuwa, na kira mai sayen na yi mata wannan bayani. Da farko ta ɗauka ina kare dangi ne. Na ce ta ɗauko robar ruwa mai lita ɗaya da rabi, ta auna ta cike da ruwa, ta zubar, ta busar, ta cika da man Gwaggo zuwa wuri ɗaya ta sake aunawa. Bayan rabin awa ta kira, muryarta ta sauko. Duk da haka ta ce ita kilo ɗari ta ce a kawo, kuma kilo ɗari ta biya. Na ce gaskiya ne, amma farashin da aka ba ta na lita ne, kuma lita ɗari ta karɓa. Da Gwaggo ta san kilo take sayarwa da ba ta yanke wannan farashi ba. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma na san sharaɗin ciniki ne ɓangarori biyu su san adadin abin da ake sayarwa, a nan kuwa kowace da abin da take nufi a zuciyarta. Aka yi ta ja har aka tsaya a kan cewa ba za a mayar da kuɗi ba, amma Gwaggo za ta aika mata da kwalba huɗu da ƙullin ƙuli-ƙuli a matsayin ihsani. Ta kuma nemi gafarar Gwaggo a kan kalmar da ta furta. Maƙwabciyar da aka zarga ce har yanzu ba ta gama hucewa ba. Tana amsa gaisuwa, amma ta daina aiko da manta a haɗa.

Da na je gaisuwar Sallah na kai wa Gwaggo ƙaramin sikeli mai batir, na kuma rubuta mata 11 da 12 da gawayi a bangon madafa, jikan nan yana tsaye yana sosa ƙeya. Ta juya sikelin ta duba ƙasansa, ta ɗora kwalbar mai, ta sa aka karanta mata lambar, ta ɗora ta ruwa, aka sake karantawa. Ta ce: “To, na gani. Amma duk wanda ya sake bugo waya ya ce kilo, kai zan haɗa shi da kai.” Makon jiya ta aiko a gaya mini batirin ya mutu, irin mai faɗin kwabo ne, ba a samunsa a Tafoki, in taho mata da guda biyu daga Funtuwa.